Kadan da ya kama ni a rafin Dabawa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na bi 'yan sa-kai zuwa wani rafi da ke bayan Dabawa. Aikinmu shi ne mu kamo 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa, mu ƙirga, mu auna tsawonsu, sannan mu mayar da su ruwa, don a san ko kifi na raguwa. Ni malamin kimiyya ne a Kurfi, shi ya sa kowa yake min kallon masani. (Abin da ban faɗa wa kowa ba: ruwan da ya wuce na bokitin wanka tsoro yake ba ni.)

A mota wata ɗaliba ta ce ta ji labarin an ga kada a dam bara. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma ba har zuci ba.

Shugabanmu wani dattijon masunci ne, Baba Idi. Ya miƙo min gefe ɗaya na koma, wato ragar kamun kifi, ya ce, "Malam, kai ne dogo, shiga can tsakiya." Na naɗe wando na shiga ina karanta duk addu'ar da na haddace. Ruwan jajir ne, ba ka ganin ƙafarka. Mun fi awa guda muna jan komar a hankali, har muka tara ƙananan kifaye masu yawa a lungu guda.

Sai na ji wani abu ya naɗe min idon sawu. Na ja, shi ma ya ja. Na ƙara ja, ya ƙara matsewa. Nan take na ga fuskar 'yata Husna, na tuna ko sallama ban yi mata ba da safe.

"Mi ya faru, Malam?" in ji Baba Idi.

"Kada!" na kurma ihu. "Ya kama ni! La'ilaha illallahu! Ku ce wa Hajiyarmu ta yafe min!"

Na saki komar. Ɗalibai suka watse, matan da ke wanki a bakin rafi suka bar kayansu suna salati. Baba Idi kaɗai ya nufo ni. Ya tsugunna, ya zura hannu cikin ruwa (wanda, sai a lokacin na lura, ko cinyata bai kai ba), ya ɗago wata igiya.

Igiyar komar ce. Ni da kaina nake take ta da ƙafa ɗaya, ina ja da ɗayar.

Kifayen kuwa duk sun tsere, aikin safiya guda ya bi ruwa. Baba Idi bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce, "Tau Malam, mu rubuta kifi babu, kada ɗaya?" Wata tsohuwa cikin masu wanki ta yi dariya har da zama a ƙasa.

Mako na gaba aka ba ni littafi da biro, aka zaunar da ni a gindin mangwaro. Tun daga ranar na koyi cewa gara ka ce "ina tsoro" tun kana kan tudu, mutum biyu su ji, da ka bari sai ka shiga ruwa, unguwa guda ta ji.