Rasuwar Damisa a Hannun Ɗan Gida

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin zafi, Auta mai zanen gine-gine ke sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da abokan wasanta rasuwar kwamfutarta ta cinya, wadda aka fi sani da Damisa. Marigayiyar ta cika ranar Talata da yamma, tana da shekara biyu da wata huɗu a duniya. Ba ta yi jinya ba, ko tari ba a taɓa jin ta yi ba. A hannun wani ɗan gida ta rasu, kuma Auta ta ce a rubuta komai dalla-dalla, don ta riga ta ji labarin da yake bazawa a layi cewa wai kwananta ne ya ƙare.

Duk wanda ya san Damisa ya san ba ta da sanyin jiki. Zanen bene mai hawa shida, wanda kwamfutar ofis ba ta gama buɗewa sai an je an sha shayi an dawo, ita kafin Auta ta gyara zama a kujera ta shimfiɗa shi, har da bututun ruwa da wayoyin wuta. Ba ta taɓa daskarewa a tsakiyar aiki ba. Ba ta taɓa cewa a jira ta ba.

Fuskarta kuwa sai wanda ya gani. Baƙinta baƙi ne wuluk, ba irin toka-tokan nan na sauran ba, janta kuma ja ne wur. Hoto ɗari biyu da arba'in take juyawa a daƙiƙa guda, shi ya sa in Auta ta tashi daga aiki ta kunna wasan tseren mota, ba ka ganin tsalle ko gargada, sai sulɓi. In ana ruwan sama a cikin wasan, ɗigon da ke gangarowa a gilashin motar ma kana iya ƙirga shi. Wata rana Mama ta shigo ɗakin, ta ga ruwa na kwarara a fuskar kwamfutar, ta yi salati ta kai haɓar zaninta za ta goge.

Marigayiyar ba mai surutu ba ce. In an tashe ta, "tirin" ɗaya take yi, a hankali, kamar mai sallama. In tsere ya yi zafi sai fankokinta biyu su ɗauki "fuuuu", su yi ta fitar da iska mai ɗumi ta gefe, kuma Auta ta san wannan numfashin kamar yadda ta san nata. Da shi ta kai ƙungiyarsu ta mutum huɗu zagayen ƙarshe na wata gasa da suka shafe wata biyar suna fafatawa a intanet. Ita ce mai tuƙin ƙarshe, wadda ake miƙa wa mota in an zo inda ba a son kuskure. Ranar Asabar aka sa za a yi karon ƙarshe.

Yanzu sai a zo kan ɗan gidan. Shi ne babban wanta, wanda kowa ke kira Sakatare saboda shi ne sakataren ƙungiyar masu haya ta layinsu, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Tun ranar da Damisa ta shigo gidan bai ƙaunace ta ba. In ya zo gaida Mama ya tarar da Auta da abin kunne a kai, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Mace da girmanki, da karatunki, ki zauna kina tuƙa motar ƙarya? Wannan ai akwatin shashanci ne."

"To, Yaya," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

Shekara biyu yana faɗin haka. A cikin shekara biyun nan kuma a jikin Damisa yake cajin wayarsa duk zuwan da ya yi.

Ranar Litinin da safe ofis ya tura Auta duba wani gini da ke nesa, kwana biyu. Ta goge Damisa, ta sa ta a jakarta, ta kulle a kabad, ta ba Mama makulli, don da ma ta buɗe wa tsohuwar wata ƙofa a kwamfutar da ba ta buƙatar lambar sirri, saboda ta riƙa ganin jikokinta na nesa. Ta ce mata, "Mama, ke kaɗai. Ko wa ya zo, ki ce ba ki san inda makullin yake ba." Mama ta ce ta ji.

Talata da hantsi Sakatare ya iso da fayil a hammata.

"Mama, wasiƙa ɗaya tak zan buga wa mai gidajen nan. Minti goma."

"Ta ce kada a ba kowa."

"Ni ne kowa? Ni da na goya ta?"

Mama ta kwance makullin daga bakin zaninta.

Abin da ya biyo baya an tattaro shi ne daga bakin Mama, da alamomin da ke jikin gawar, da kuma shaidar da marigayiyar ta bari da kanta. Ya ɗora ta a kan katifa, bisa bargo mai gashi, inda ba ta da ta inda za ta shaƙi iska. Da fankokin suka fara kuka, sai ya ga suna hana shi tunani, ya ɗauko salatif ya liƙe duk ramukan da take numfashi ta cikinsu, gefe da baya, tsaf, kamar mai ɗaure kaya. Ya rufo ƙofa. Daga falo Mama na jin muryarsa: "Kauce! Kauce mana, ɗan banza! Kai, ya buge ni!" Ta ɗauka da mai gidajen yake, ta ce a ranta lalle wannan wasiƙa za ta yi zafi.

Awa huɗu Damisa tana ɗauke da shi a haka, a shaƙe. Da ta ga ba za ta iya ba, ta yi abin da masu hankali ke yi, ta kashe kanta don ta huce. Da ya bar ta rabin awa, da yanzu ba a rubuta wannan takarda ba. Amma ya taɓa ta ya ji ta kamar dutsen guga, sai dabara ta zo masa. Ya kai ta kicin ya sa a firiza, tsakanin kaji da ƙanƙara. Da ya fito da ita tana naso, ruwa na ɗiga, ya jona caja ya danna. Ta ce "tas!" Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe. Ƙauri ya tashi. A gigice ya maido murfin da ƙarfi, ya manta bironsa na kwance a kan madannai, sai "ƙaras", fuskar nan da babu irinta ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Bai tsaya nan ba. Ya naɗe ta a jarida ya kai wa abokinsa mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba amma bai ga dalilin faɗin hakan ba. Ya ɓanɓare ta da bakin wuƙa, ya hura, ya goge cikinta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya mayar ya rufe. Ya miƙa wa Sakatare kusoshi biyar a ƙunshin takarda, ya ce waɗannan ƙari ne, don ado ake sa su. Sakatare ya dawo da ita, ya sa a jaka, ya kulle kabad, ya mayar wa Mama makulli, ya ci abincin dare, har da ƙari.

Laraba da yamma Auta ta dawo. Tun kafin ta zuge jakar warin fetur ya tarbe ta. Ta buɗe, ta danna, ba "tirin". Ta sake dannawa. Ta daɗe zaune a bakin gado tana shafa danƙon salatif da ya rage a gefen, ba ta yi kuka ba. Sannan ta fito falo ta ajiye gawar a kan tebur, ta aika a kira shi.

"Yaya, me ka yi mata?"

"Ni? Wasiƙa na buga na rufe. Kayan zamani ai haka suke, yau lafiya gobe babu. Kwananta ne ya ƙare."

"Kwananta ne ya liƙe mata hanci da salatif?"

"Ke, da wa kike magana haka? Mama, kina jin ta ko?"

Mama ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Auta. Ɗan'uwanki ne."

"Na sani, Mama. Da bare ne ai da ba ki ba shi makullin ba."

Washegari ta kai ta wurin mai gyaran kwamfuta na gaske, wanda shagonsa ke hawa na huɗu a benen masu sayar da waya. Ya buɗe, ya duba, ya cire tabaransa ya goge ya sake dubawa.

"Malama, wannan ba mutuwa ba ce, kisa ne. Mutum nawa suka taru a kanta?"

Katin hoto ya ƙone, uwar allon ta tafi, fuska ta tafi. Ban da batir, ma'ajiyar bayanai kaɗai ta tsira. Da ya jona ta a wata kwamfutar, sai ga shaidar marigayiya. Wasiƙar dai tana nan, kuma ga abin da ke cikinta gaba ɗaya: "Zuwa ga". A cikin wasan tseren kuwa an sami sabon direba da aka yi wa rajista ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya da minti shida, mai suna BABBAN SAKATARE. Ya shiga tsere talatin da ɗaya. Ya zo na ƙarshe a talatin. A ɗayan kuwa bai ƙarasa ba, don ya juya motar ya bi hanya a baibai har lokaci ya ƙare.

Ranar Asabar aka yi karon ƙarshe. Auta ta ari kwamfutar wata abokiyar aikinta, mai fuska dishi-dishi da ke nuna kwana bayan an riga an wuce ta. Abokan wasanta uku sun miƙa mata mota suna na biyu. Ta kai su na bakwai.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai nauyin bulo, wadda yanzu ba ta da wanda za ta ciyar. Ta bar linzamin kwamfuta mai fitila bakwai da abin kunne da har yau ke rataye a ƙusa. Ta bar faifan sanyaya mai fanka biyu, wanda ke jingine a gefen gadon a ranar da abin ya faru, taku ɗaya daga inda aka shaƙe ta, ba wanda ya tambaye shi. Ta bar zanen gidaje uku na masu jira, da babu injin da zai iya buɗe su a gidan. Ta kuma bar kusoshi biyar da Mama ta tsinta a aljihun rigar ɗanta da ya bari a kan kujera, ta kawo wa Auta da hannunta.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a ɗauki gawar daga ɗakin Auta ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe zuwa shagon mai gyara, inda za a cire abin da ke da sauran amfani a ba mabuƙata. Batirin an riga an yi wa wata ɗaliba alkawarinsa. Mama ta yanke hukunci cewa Sakatare ne zai ɗauki gawar, a ƙafa, da cajar da komai, har hawa na huɗu, kuma shi zai yi wa mai gyaran bayanin firiza da bakinsa. Ya so ya yi gardama, sai aka sanar da shi cewa an buga sakamakon tserensa a takarda kwafi arba'in, daidai yawan 'yan ƙungiyar masu haya, kuma taronsu na wata ranar Lahadi ne. Ya ce ƙarfe tara da rabi ma zai iso.

Za a karɓi gaisuwa a falon Mama daga azahar zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi nawa aka saye ta, kada su ce ai abin duniya ne, kada kuma kowa ya kawo shawarar a sa ta a cikin shinkafa. Mai gyaran rediyo ba a gayyace shi ba, in kuma ya zo, a bakin ƙofa za a karɓe wuƙarsa.

Shi kuwa mai ɗaukar gawa an tanadar masa kujera a kusa da ƙofa, kuma Auta za ta gaishe shi, don Mama ta roƙe ta. Sai dai ana sanar da dangi tun yanzu, don kada wani ya ji ya ɗauka ɓatan baki ne ya ce zai gyara mata: shekara ashirin da takwas tana ce masa Yaya. Daga ranar Alhamis, Malam za ta ce.