Ƙusoshi Shida a Fiffiken Baba Dakta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Birmingham gyaran jirgin sama ba. Lokacin an rage ma'aikata a council ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, a Manchester, har da ni, ina zaune a unguwar Longsight ba aikin fari ba na baƙi. Sai Baba Dakta, aminin mahaifina, ya kira ni. Tsohon likita ne, ya shekara tara yana haɗa ɗan jirgin katako a garejinsa. Wata rana yana sauka iska ta kwashe shi, fiffiken hagu ya daki ƙasa ya karye. Shi dai ya fita lafiya, yanzu mai kama masa aiki yake nema.

Ni kuwa son sani ne ya kai ni. Yaya katako zai tashi sama da mutum? Ina isa na hau zuba tambayoyi. Ya nuna min doguwar sandar da ke ɗauke da nauyin fiffiken, ya ce wata huɗu ya yi yana jiran icen da zai maye gurbin inda ta karye. Ya riga ya feƙe bakunan tsohon icen da sabon, ya haɗa su da gam ya ɗaure. Litinin mai duba jirage zai zo, in bai sa hannu ba, babu tashi bana.

Ya shiga ciki yin alwala, na tsaya ina kallon haɗin nan, raina bai kwanta ba. Gam kawai? A Kano ko benci ne kafinta sai ya bi shi da ƙusa. (Injiniyan titi ne ni fa, ko keke ban taɓa gyarawa ba.) Na samo guduma na kafa ƙusoshi shida reras, har da ja da baya ina yaba aikina.

Da ya dawo ya sunkuya ya duba haɗin. Can ya sa yatsa ya nuna min siririyar tsaga da ta bi icen daga ƙusa zuwa ƙusa.

"Injiniya," ya ce a hankali, "benci ka ɗauka zan hau?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Bai yi faɗa ba, shayi ma ya haɗa min, ya zauna yana min bayanin yadda ƙusa ke raba ice. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Jirgin bai tashi ba sai da shekara ta zagayo.

Tun daga nan in hannuna ya fara ƙaiƙayin taimako, aljihu nake cusa shi. Baba Dakta kuwa har yau in na ce zan zo gaishe shi, sai ya ɓoye guduma.