Manhajar Da Na Sa Ranar Alhamis

Ni ne mai laifi. Gara in faɗi wannan tun daga farko, domin lokacin da abin yake faruwa na yi mako biyu cur ina ɗora wa wata, kuma ina yi da ƙarfin zuciya irin na wanda ya san abin da yake faɗa. Ba na jin zan taɓa mantawa da makon nan biyu, ko da mutanen Zango za su yi mini alheri su manta (ba su manta ba).

Ni ne sakataren wata makarantar Islamiyya a nan Zangon Kumasi. Karatuna bai yi nisa ba, amma hannuna yana da kyau a rubutu, kuma ina zuwa aiki da wuri, shi ya sa Malam Babba, mai makarantar, ya damƙa mini makullin ofis. A ofishin akwai kwamfuta ɗaya tak, wadda wani tsohon ɗalibi ya aiko mana daga Turai. A cikinta sunayen ɗalibai suke, da jarrabawa, da takardun shaidar saukar Alƙur'ani. Mu biyu ke taɓa ta: ni da Malama Adiza, mai ajin 'yan mata. Ita ta yi kwas na kwamfuta na gaske. Ni kuwa kwas ɗina shi ne na sha tsayawa a bayan masu gyaran kwamfuta a kasuwar Adum ina kallo. Amma in ka ji ni ina maganar "bairos" da "memori", sai ka ɗauka ni na ƙera ta.

Makarantu irin tamu ba a karatu Alhamis da Juma'a. Ba ɗalibi, ba malami, ƙofa a rufe. Ni kaɗai nake leƙawa ranar Alhamis in buɗe tagogi in share ofis. To, wata Alhamis, saura mako uku a yi walimar sauka, na shiga ofis da wata 'yar takarda a aljihu. Wani abokina a shagon aski ne ya rubuta mini sunan wata manhaja, ya ce da ita ake kallon ƙwallon Turai kyauta. Na ce a raina, ga kwamfuta zaune, ga intanet na makaranta, wa zai sani?

Na sauke ta, na fara sa ta. Sau uku kwamfutar ta yi mini gargaɗi da jan rubutu, sau uku na danna mata "na yarda". Da ta gama, sai ga hoton ƙwallo ƙarara a fuskar kwamfuta. Nan na nuna basirata: na canza hoton, na kuma canza sunan da ke ƙarƙashinsa zuwa "Darasin Tajwidi". Na koma gida ina jin lallai Allah ya ba ni kai.

Ranar Asabar aka dawo karatu. Malama Adiza ta shigo da filash ɗinta don ta zuba sunayen 'yan matan da za su yi sauka. Ta soka shi ke nan, ko minti biyar ba a yi ba, fuskar kwamfuta ta yi shuɗi, ta mutu, ta tashi da kanta. Ta sake gwadawa, ta sake mutuwa.

"Malama, ina kika kai filash ɗin nan?" na tambaye ta.

"Wurin buga takardu a Asokore Mampong, shekaranjiya."

"To, ai shi ke nan. Kin kwaso mana bairos."

Za ku tambaya ko a lokacin na san gaskiya. Akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya sani sarai. Na dai rufe lungun na ci gaba da harkokina.

Kwanaki na yi ina gyara. Na kwance murfin kwamfutar na hure ƙura. Na zare wayoyi na mayar. Na canza mata soket. Na kawo fanka daga gida na kafa mata, wai ko zafi ke damun ta. Na zargi wutar lantarki, na zargi tsufanta, na zargi mutumin da ya aiko ta. Komai na taɓa ban da abu ɗaya. Ita kuwa in ta tashi, sai ta yi minti goma ta faɗi.

Da abin ya kai kunnen Malam Babba, ya tara malamai. Na miƙe na yi bayani kamar likita: yadda bairos yake shiga ta filash, yadda yake haihuwa, yadda yake cin memori. Malamai suna gyaɗa kai. Malama Adiza ta bari na gama, sannan ta ce a hankali:

"Sakatare, ka tabbata?"

"Kamar yadda na san sunana, Malama."

Malam Babba mutum ne mai yanke magana nan take. Ya ce daga yau kada ta ƙara shiga ofis, kuma shirin saukar 'yan mata, wanda ita take riƙe da shi shekara da shekaru, ya dawo hannuna. Ta tashi ta fita. Bayan kwana biyu labari ya zaga unguwa, har mai koko a bakin titi ta tambaye ni ko gaskiya ne malamar 'yan mata ta kashe kwamfutar makaranta. Sai kuma na ji cewa ta gaya wa Malam da an gama walima za ta ajiye aiki, domin akwai wata makaranta a Atonsu da ta daɗe tana neman ta. Matar da ta koya wa rabin 'yan matan unguwar nan karatu za ta tafi saboda ƙwallon da ko wasa ɗaya ban samu na kalla ba.

Saura mako ɗaya walima, ba takardar shaida ko ɗaya, Malam ya ce a nemo mai gyara. Na yi maza na ce zan ɗauki kwamfutar in kai ta Adum da kaina, don kada a wahalar da kowa.

"A'a," in ji Malam. "Mai gyaran ya zo nan. Ina so in gani da idona."

Aka kira wani Ba'asante mai suna Yaw. Ya tashi kusa da Zango, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya zo ranar Lahadi, malamai suka cika ofis, aka kira Malama Adiza ta kawo filash ɗin. Ni ina tsaye a gaba, ina juya makullai a yatsa, ina yi masa bayanin cutar tun kafin ya zauna.

Ya fara soka filash ɗin a tasa kwamfutar, ya bincika. "Wannan lafiya lau," ya ce. "Ba komai ciki sai sunaye."

"Ai bairos ɗin ya riga ya ƙaura," na ce.

Ya dube ni, ya kira ni yadda 'yan Gana ke cewa maigida. "Masa, mene ne na ƙarshe da aka sa mata kafin ta fara faɗuwa?"

"Babu komai."

Sai ya tayar da ita ta wata hanya da ba ta ɗauko komai sai abin da ya zama dole. Ta tsaya cak, ba faɗuwa. Ya ce wannan ya nuna jikinta lafiya, wani abu ne da aka sa mata yake kayar da ita. Ya buɗe jerin manhajojin da ke ciki, ya jera su bisa ranar da aka sa kowace. Ni ban taɓa sanin kwamfuta tana rubuta rana ba. Na ɗauka sai mutum.

"Ga shi nan," in ji Yaw. "Abu ɗaya ne sabo. An sa shi ranar Alhamis, ƙarfe uku da rabi na yamma. Alhamis ma ranar haihuwata ce, shi ya sa ake ce mini Yaw." Ya yi dariya shi kaɗai. "Wataƙila wani ɗalibi ne ya yi wasa da ita."

Ba wanda ya taya shi dariya. Shi bai san abin da kowa a ɗakin ya sani ba.

"Ba a karatu ranar Alhamis," in ji Malam Babba.

"To wa yake zuwa?"

Makullan nan suna hannuna. Na daina juya su, amma sai da suka yi ƙara sau ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya, da na gode wa Allah. Yaw ya sake tayar da ita yadda aka saba, ya bi sawun manhajar har fuskar kwamfuta. "Ita ce wannan da aka rubuta Darasin Tajwidi. Ta karatu ce? In ta karatu ce, sai in nemo muku mai kyau."

Malam ya gyara zaman tabaransa. "Buɗe mana mu ji tajwidin."

Ya danna. Ihun 'yan kallo ya cika ofis, ga wani Bature yana surutu kamar zai shiɗe, ga tallan caca yana ta ɓullowa ta kowace kusurwa. Sannan fuskar ta yi shuɗi. Ban taɓa jin daɗin mutuwarta ba sai ranar.

Cikin minti ashirin Yaw ya cire manhajar da duk tarkacen da ta shigo da su. Kwamfutar ta tashi, ba ta ƙara faɗuwa ba. Yana haɗa kayansa ya ce mini, ba da mugunta ba, in kwamfuta ta fara haka, a fara duba abin da aka sa mata na ƙarshe kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Na ce na gode. Darasin da ni na ɗauka ya ɗan fi nasa: in an fara neman mai laifi, in fara tambayar kaina ina nake ranar Alhamis.

Na so in gyara abin cikin sirri. Na aiki matata gidan Malama Adiza da kwanon abinci, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Na roƙi Malam ya shiga tsakani. Ya ce, "A gaban malamai ka ɓata ta. A gaban malamai za ka wanke ta." Ya karɓi makullin ya ba ta, ita ta buga takardun sauka cikin kwana biyu. Amma maganar Atonsu ta ce tana nan, sai ta ji abin da zan faɗa.

Ranar Laraba, kafin a tashi, aka tara malamai. Na miƙe, na yi gyaran murya.

"Malama, idan har akwai wani kuskure da aka samu daga ɓangarena..."

"Idan?" ta ce.

Malam Babba ya dubi rufin ɗaki. Na sake farawa.

"Malama Adiza, ni na sa manhajar ƙwallo a kwamfutar makaranta. Ni na canza mata suna. Tun ranar Asabar ɗin farko zuciyata ta gaya mini ni ne, na ƙi ji, na ɗora miki. Kin tambaye ni ko na tabbata, na yi miki ƙarya a gaban mutane. Filash ɗinki ba shi da komai, ke ma ba ki da laifin komai. Zan je in faɗa wa iyayen yara, har mai koko zan faɗa wa. Kada 'yan matan nan su rasa malamarsu saboda ni. Don Allah ki yafe mini."