Rasuwar 'Yar Baƙa a Cikin Buhun Masara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni zuwa majalisa kwana huɗu, ni Mahadi, ɗan Malam Lawal mai masara na Funtua, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ne a cikin buhun masara, a sitonmu na bayan gida, a ranar da babu wanda ya sani, tsakanin Talatar da na sa ta a ciki da Alhamis ɗin makon gaba da aka buɗe ƙofar. Ta tafi da hotuna uku na mahaifiyarmu, marigayiya Inna Hansai, kuma su ne kaɗai hotunanta da muke da su.

Marigayiya 'Yar Baƙa ta zo hannuna shekara uku da suka wuce, ta hannu, da tabo a kafaɗarta ta hagu. A lokacin na bar makaranta, na gwada acaba na bari, na gwada ɗinki na bari, na yi wata biyar a kamfanin gurzar auduga shi ma na bari. Ita kaɗai ce ban bari ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta raina fuska. Ta ɗauki 'yan dako a kasuwar hatsi gumi na zuba musu, ta ɗauki mata masu tsinkar auduga, ta ɗauki layin dogo ranar da babu jirgi, don kawai na ce ta ɗauka. Idan aka tashe ta sai ta yi ɗan nishi, ziiit, ta miƙo ido. Idan ta gama kallo ta ce ƙyat. Ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba.

Babban aikinta ta yi shi ne bara, bayan girbi. Inna ba ta son hoto. A biki ko suna, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Hoton katin zaɓenta ya koɗe, ko mu ba ma gane ta a ciki. Rannan tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na dame ta, har ta gaji ta ce, "To ɗauka, sarkin naci, ka bar ni in yi aikina." 'Yar Baƙa ta ce ƙyat sau uku. A na ukun Inna tana dariya, wushiryarta a waje. Wata biyu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Tun ranar sadakar uku ƙanwata Maijidda, da ke aure a Gozaki, ta ce in wanko mata hoton. Har firam ta saya. Kullum amsata ɗaya ce: gobe.

Dole in faɗi gaskiya a kan yadda na riƙe 'Yar Baƙa, don ba ciwo kaɗai ya kashe ta ba. Ranar da na saye ta, Job mai gyaran kyamara ya ce mini abu uku take buƙata kafin komai: jaka mai hana ruwa, memori na biyu, da ɗan abin nan da ake zura memori a ciki a juye hotuna a waya. Ya ce, "Sauran duk kwalliya ce, Mahadi." Na ce na ji. Na je na sayi falmaran mai aljihu goma sha biyu irin ta 'yan jarida. Na sayi sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, wadda ta fi ni tsawo. Na sayi fitila mai zobe, da jan maɗauri mai rubutu, don a hango ni daga nesa a san mai hoto ya iso. Ita kuwa a baƙar leda nake yawo da ita, memori ɗaya a cikinta tun ranar farko.

Ciwon ajalinta gajere ne. Ina dawowa daga Malumfashi a kan babur, ruwan ƙarshen damina ya tare mu a fili, babu ko bishiya. Ledar ta yage. Da na iso gida na danna ta, ta yi rabin nishi ta yi shiru. Na tuna ana cewa idan waya ta jiƙe a binne ta a shinkafa. Mu ba mu da shinkafa, muna da masara buhu sittin. Na lallaɓa sito don kada Baba ya gani ya ce dama ya faɗa, na kwance buhu ɗaya, na tura ta har tsakiya, da batir ɗinta da memorinta, na ɗaure.

Abin da ɗan gidan mai masara ya kamata ya sani shi ne abin da na manta. Da la'asar ɗin nan Baba ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana jefa ƙwayar maganin ƙwari, irin wadda ke narkewa ta zama iska. Ya toshe taga, ya sa kwaɗo, ya tafi Matazu sayen wake da mabuɗin a aljihunsa. Kwana tara. Ko da na fasa ƙofar, ba a shiga sito a irin waɗannan kwanaki. Na riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina jin wari kamar na tafarnuwa yana fitowa ta ƙasa.

Da aka buɗe siton na kai wa Job kyamarar, ya buɗe ta a gabana. Duk inda jan ƙarfe yake a cikinta ya zama baƙi. Ya ce iskar maganin nan ba ƙwari kaɗai take ci ba, kuma danshi ya taimaka mata. Ya zaro memorin, ya goge haƙoran memorin, ya gwada shi a kwamfuta uku. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Sai kawai ya naɗe shi a takarda ya miƙo mini da hannu biyu.

Marigayiyar ta bar falmaran guda, wadda babu abin da ke aljihunta sai murfin idon kyamarar. Ta bar sanda mai ƙafa uku, tana tsaye a lungu ba ta ɗauke da kowa. Ta bar fitila mai zobe, caja, da jan maɗauri, dukkansu lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta bar firam a bangon ɗakin Maijidda, da hoton wata Baturiya da aka sayo shi da shi. Jakar da za ta cece ta da abin juye hotuna suna nan a shago, inda na bar su shekara uku.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, wannan addu'ar ta Inna ce. Baba da ya ji labari bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko a hoton tana dariya, na ce e, ya shiga ɗaki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar, a ƙofar siton da ta cika a cikinsa. Job zai cire abin da zai amfani wata kyamarar, sauran a sa a kwali. Falmaran da sanda da fitila, duk mai so ya ɗauka, amma sai wanda ya nuna mini jakarsa da memorinsa na biyu.

Ba a buƙatar goro ko dabino. Masu zuwa ta'aziyya su zo da wayoyinsu. Duk wadda ta halarci biki ko suna a danginmu, daga Funtua har Gozaki, don Allah ta duba tsofaffin hotunanta, ta duba gefe-gefe, bayan amarya, kusa da tukwane. Inna gajeriya ce, tana yawan sa shuɗin mayafi. Ko bayanta ne ya fito, a kawo mana. Maijidda ta ce za ta gane ta.