Gurun Inna da Awon Ƙuguna

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na kai kaina gaban allo, ba wanda ya aike ni.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gummi, kuma duk malamai sun san ni da baki a kan masu ɗaura laya. Abin da ba su sani ba shi ne, tun da na fara bin hanyar Anka mai yawan 'yan fashi duk mako, Inna ta ɗaura mini guru a ƙugu, mai kauri. "Wanga ba ka hidda shi, ko wanka za ka yi," in ji ta. (Na yi gardama, amma ta minti biyu.)

Ranar wani ma'aikacin lafiya, Malam Sanusi, ya zo ya nuna wa malamai yadda ake kimanta kitsen jiki da tef ɗin tela: a auna tsawo, wuya da ƙugu, a lissafa. Ya ce ga namiji kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari lafiya lau ne, in ya haura ashirin da biyar kuma a fara hattara. Ya nemi wanda za a gwada. Na miƙe tsam.

Sai da tef ya zagayo cikina na tuna da gurun. Na riƙe numfashi, na sake, na sake riƙewa.

"Ashirin da takwas," ya rubuta a allo.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malama Hassana har da tafi. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, ba zan yarda a ce mini mai teɓa ba.

"Awon bai yi daidai ba! Akwai abu a ƙuguna."

"Mi ne ne, Malam?" in ji Malam Sanusi.

Ba hanyar komawa. Na ɗaga riga, na kwance gurun Inna, na aza a tebur gaban mutanen da na shekara biyar ina yi wa wa'azin kimiyya. Kunya ta kama ni har kunnuwa.

Malam Sanusi ya sake aunawa, ya goge allo a hankali, ya rubuta ashirin da bakwai.

Tun ranar na koyi cewa in awo ya faɗa maka magana, ka karɓa ka zauna. Ni na yi musu, na tona asirina biyu don in rage kashi ɗaya.