Ta'aziyyar Baba Tanimu, Yana Kwance Yana Ji

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga gidan mutane a Tudun Wada na yi ta'aziyyar mutumin da bai mutu ba.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, an tura mu unguwanni mu riƙa bin gidajen da ke da tsofaffi masu doguwar jinya. Ni dai mai karatu ce, ba mai magana ba. A aji, idan malami ya yi tambaya, ina da amsar har da shafin da take, amma sai wata ta faɗa in gyaɗa kai. (Ƙawayena na cewa ko sallama sai na yi bitarta kafin in shiga gida, kuma ba ƙarya suka yi ba.)

Gidan da ya faɗo a hannuna na Baba Tanimu ne, tsohon tela da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Matarsa, Inna Lami, ita ke jinyarsa. A zuwana na farko na lura fatar ƙugunsa ta fara ja, alamar gyambon kwanciya na tafe. Maganin abin shi ne a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a tokare shi da matashi. Na buɗe baki zan yi bayani, Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, kin yi aure?"

"A'a, Inna."

"To tun kafin a haifi uwarki nake riƙon mutumin nan. Sha ruwa ki gaida gida."

Na sha ruwa na gaida gida. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin na san idan fatar nan ta fashe, wahalar da za su sha ba kaɗan ba ce. Ga shi a ranar nan Baba ko kunu bai iya sha ba. Na koma ɗaki na karanta babin alamomin ƙarshen rayuwa har na kusa haddace shi, kuma duk alamar da na karanta sai in ga kamar Baba ake nufi.

Da na koma a makon gaba, tun daga zaure na ga takalma jibge. A tsakar gida mata ne zaune kan tabarmi, ana magana ƙasa-ƙasa. Katifar Baba na shanye a rana, gurbin da yake kwanciya a rumfa babu kowa. Ga ƙatuwar tukunyar ruwa a kan murhu. Ga Inna a bakin ɗaki, idanunta jajur.

Ban tambayi kowa komai ba. Me zan tambaya, ni da na karanta babin? Na gyara hijabi, na ratsa matan nan, na durƙusa gaban Inna. Kuma karon farko a rayuwata muryata ta fito sarai.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Allah ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara."

Sai wata murya ta fito daga bayan labule, a hankali, harshen na ɗan karyewa:

"Amin, Likita. Amma da kin bari na gama kunun nan tukuna."

Ashe surukarsu ce ta haihu, matan barka suka zo. Maganar ƙasa-ƙasa don jaririya na barci ne. Tukunyar ta ruwan wankan jego ce, hayaƙinta ne ya ja idon Inna. Baba kuwa an mayar da shi ɗaki ne don a ba baƙi wuri.

Wata tsohuwa ta fara dariya har tana tari, sauran suka kama. Ni kuwa ina durƙushe, hannuwana a sama kamar mai jiran a shafa fatiha, na rasa yadda ake sauke su.

"Wannan ce aka turo ta koya mini jinya," in ji Inna, tana nuna ni da ludayi. "Ku gan ta nan. Ta kashe mini miji da hantsi."

Na miƙe zan nemi takalmina, Baba ya ce in shigo. Na shiga kai a sunkuye. Na same shi yana dariya da rabin fuska.

"Zauna, 'yata. Kin san ke ce ta farko da ta ambaci mutuwa a gabana tun da na kwanta? Kowa sai ya ce, Baba, ka kusa miƙewa. Ni da na ɗinka wa rabin unguwar nan likkafani." Ya ɗaga murya. "Lami, zo ki ji, tun da yarinya ta buɗe ƙofa."

Inna ta shigo tana ɓata rai. Ya gaya mata idan lokacin ya matso ba ya son a yi ta yawo da shi asibiti-asibiti. A bar shi a ɗakinsa, kusa da taga, inda yake jin kiran salla. A ci gaba da ba shi maganinsa, a kira 'yarsa da ke zaune a unguwar Hanwa da wuri. Inna ta goge ido da gefen zane, wannan karon ba hayaƙi ba ne.

"Kafin nan kuma," in ji shi, "ƙugun nan na damuna. Ki bar ta ta nuna miki abin da ta zo da shi. Wanda aka riga aka yi ta'aziyyarsa ai ya wuce jin kunya."

Inna ta ja tsaki, ta miƙo mini matashi. Na nuna mata yadda za ta lanƙwasa masa gwiwa, ta kama kafaɗa da ƙugu ta mirgino shi ba tare da ta ja fatar ba. Sau ɗaya ta gani ta iya, har ta gyara mini riƙo.

Fatar ba ta fashe ba. Har na gama makaranta Baba na nan, jikarsa na rarrafe a kan katifarsa. A layin kuwa suna ya bi ni, yara na hango ni sai su ce ga Anti Ya-Haƙuri.

Yanzu duk gidan da na shiga na ga taro, ko da kuka na ji, sai na fara da "Ina kwananku, lafiya dai ko?" in tsaya a ba ni amsa. Ashe akwai tambayar da ba a duba amsarta a littafi.