Kaka Hipolit da Ƙugiya Marar Ƙaya

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinki da ya ɓata min safiya."

"Madalla. Ni ma na zaci sanyin jiya ya hutar da mu. Ashe kana nan."

Gaisuwar Hipolit da jikarsa Jagoda ke nan a bakin tafkinmu, kuma ranar ma da sauƙi. Ni Witold, maƙwabcinsa na shekara talatin da ɗaya, ina tsaye da koma a kafaɗa, don aikin da aka ɗauko ni ke nan. Watan Oktoba ne, sanyi har cikin ƙashi.

Ranar ce ta ƙarshe. An sayar da gidan Hipolit, washegari ɗansa zai zo da mota ya kai shi birnin Olsztyn, bene hawa na huɗu, inda ba ruwa sai na famfo. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: ya riƙe shupak ɗaya a hannunsa kafin ya tafi, kifin nan mai dogon baki da haƙora da ya yi shekara sittin yana bi. Wadda za ta tuƙa shi a jirgi kuwa Jagoda ce, mai gadin tafkin da ƙungiyar masunta ta naɗa, kuma tun bara doka ta ce shupak a kama a saki, ƙugiya kuma kada a gan ta da ƙaya.

"Buɗe akwatin," in ji Jagoda.

"Wane akwati?"

"Wanda ka zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai."

Ya tashi yana gunaguni. Cokulan tagulla ne a ciki, waɗanda ya ƙera da hannunsa don ja a bayan jirgi, kowanne da ƙugiya mai baki uku. Jagoda ta zaro filaya daga aljihu.

"Me za ki yi da wannan? Haƙori za ki cire min?"

"Da akwai saura da na cire. Ƙayar zan danne."

"Taɓa ƙugiyar nan ki gani! Ta girmi ubanki."

"Ta ma fi shi tsatsa."

"Ranki ya daɗe sarkin ruwa, ƙugiya ba ƙaya ai ƙusa ce aka lanƙwasa. Me zai riƙe kifin? Kunya?"

"Hannunka zai riƙe shi, in da sauran hannun. Zare ya zauna a miƙe, jirgi yana tafiya, shi ke nan."

"Ji mana! Wadda na koya wa sa tsutsa tana kuka tana ba tsutsar haƙuri."

"Kai kuma wanda ya kwashe kifin tafkin nan har aka kafa doka dominsa. Je ka ƙirga busassun kawunan da ka kafe a bangon rumfarka."

"Arba'in da uku. Kowanne da tarihinsa."

"Kowanne da warinsa."

"Na arba'in da huɗu zai bi ni Olsztyn, in kafe shi saman talabijin."

"Zai bi ka a hoto."

Ta kama ƙugiyar ta danne ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Hipolit ya juya mata baya yana kallon ruwa. Gaskiya na tausaya masa, ko da yake shekara talatin yana ce min ban iya riƙe koma ba.

Muka shiga jirgi. Jagoda a kan filafili, tsohon a baya da sandar fatsa, cokalin yana walƙiya can nesa a bayanmu, ni kuma a tsakiya kamar buhun dankali.

"Wannan tuƙi ne ko kunu kike damawa?"

"Nauyi ne ya yi yawa. Ƙarya ta shekara sittin na ɗauko."

"Kakarki, Allah ya ji ƙanta, tana tuƙa ni tana saƙa safa a lokaci guda."

"Shi ya sa kullum kake yawo da safa ɗaya doguwa ɗaya gajera."

Ba mu yi rabin awa ba sandar ta lanƙwashe.

"Tsaya!" Hipolit ya daka tsawa. "Saki filafili! Tsaya!"

Ta kuwa tsaya. Muryar da ta yi ta ji tun tana 'yar shekara shida ce, hannunta ya bi umarni kafin kanta ya yi tunani. Haka tsofaffinmu suke yi: kifi ya kama, a tsayar da jirgi, a ɗan sakar masa zare ya haɗiya da kyau, har mutum ya kunna lofe in ya ga dama, tunda ƙaya tana riƙe. Jirgin ya tsaya, zaren ya yi sako-sako. Kifin ya yi tsalle sama, ya girgiza kai sau ɗaya, cokalin ya yi nasa wuri.

"Kin gani! Ya tofar da ƙusarki ya tafi yana mana dariya!"

"Wa ya ce a tsaya?"

"Wa ya danne ƙaya?"

"Na ce maka zare a miƙe. Kai kuma ka sakar masa kamar kana shanya wando."

"To me ya sa kika bi maganata? Yau kika fara ladabi?"

"Kuskure ne. Ba zan sake ba."

"Witold, kai shaida ne, ta ce ba za ta sake ladabi ba."

Na ce ni koma aka ba ni, ba alƙalanci ba.

Daga nan ruwa ya yi shiru. Muka zaga gabas, muka zaga yamma, muka ci burodi da kokwamba mai tsami, muka shanye shayin da ke cikin filas. Rana ta karkata. Bakin tsohon ya mutu, abin da ban taɓa gani ba. Tsoro ya kama ni sosai, kada mutumin nan ya bar tafkinsa hannu wofi. Na ga Jagoda tana satar kallonsa, tafin hannunta duk ya yi bororo.

"Kaka, ka mutu ne? Faɗa min in juya."

"Ina jira ne ki kai mu inda kifi yake. Tun safe kina zagaya mu inda kwaɗi ke taro."

"To malamin ruwa, ina ne?"

"Ki nufi bishiyar can da ta faɗi. Taku goma kafin ita ƙasa ta yi rami. Ki bi bakin ramin a hankali, kada ki fantsama ruwa kamar saniya."

Ta bi. Muna daidai bishiyar sandar ta sunkuya har ta kusa taɓa ruwa.

"Tsaya!"

"Ban tsayawa."

"Ke! Na ce ki tsaya!"

"Na ji. Ɗaga sandarka sama, ka naɗe."

"Za ki tsinka min zare! 'Yar banza, ni na haifi ubanki!"

"Ka kai ƙara wurinsa gobe. Naɗe!"

"Hannuna ya gaji!"

"Bakinka bai gaji ba. Da shi za ka ja?"

Ta ci gaba da tuƙi a hankali, ba ta bar zaren ya saki ko sau ɗaya ba. Kifin ya nutse, ya taso, ya girgiza kai, ƙugiyar tana nan. Hipolit yana zagi yana naɗewa, yana kiran waliyyai da sunayensu ɗaya ɗaya. Da ya matso gefen jirgi na zura koma, kuma ina so a sani, sau ɗaya na zura.

Shupak ce mace, ta fi mita tsawo. Tana shiga koma zaren ya saki, ƙugiyar ta zame daga bakinta da kanta, ko jini babu.

Hipolit ya durƙusa. Hannunsa ya tafi ƙarƙashin benci, inda kulkin buga kan kifi yake zaune tun kafin a haifi Jagoda. Ya ɗauko shi. Jagoda ta ajiye filafili, tana kallonsa kawai.

Ya sa hannu ɗaya ya juyo kan kifin don ya daidaita. Sai ya tsaya. Gefen bakinta na hagu a yage yake, tsohon rauni ne da ya warke a karkace, irin wanda ƙugiya mai ƙaya take bari in kifi ya fizge da ƙarfi.

"Wane jaki ne ya yaga mata baki haka?"

"Wani tsoho ne. Gobe zai bar gari."

"Ƙarya kike. Ni in na kama ba ta kuɓucewa."

"Bara waccan fa? Wadda ka yi wata guda kana ba da labarinta a ƙofar coci? A nan ne, gefen bishiyar nan."

Ya daɗe yana kallon bakin. Sannan ya jefar da kulkin a ƙasan jirgi.

"Ɗauki hoton naki. Ki yi sauri, tana shan wuya. Kuma ki ɗauko ni ta gefen da na fi kyau."

"Babu irin wannan gefen, Kaka."

Ya rungumo ta da hannu biyu, rigarsa duk ta jiƙe. Ya sunkuya ya sa ta a ruwa, ya riƙe ta ta wutsiya har ta dawo hayyacinta. Ta buga sau ɗaya, ta watsa masa ruwa a fuska, ta nutse. Ya daɗe yana goge fuskar nan da hularsa, mu kuma muka yi kamar muna gyara koma.

Can ya ciro wani makulli daga igiyar wuyansa.

"Ungo. Na kwaɗon jirgin ne. Yana yoyo ta hagu, kamar kanki."

"Me zan yi da wannan tsohon kwami?"

"Ki dinga duba min ita, mai yagaggen bakin nan. Duk jakin da ya zo nan da ƙaya, ki rubuta sunansa."

"Ko kai ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni za ki fara rubutawa. Kin ci, 'yar banza. Tuƙa mu gida."

Ta sa makullin a aljihu, ta kama filafili. Sai dai ba ta nufi gida ba, ta bi doguwar hanya ta zagaye tafkin gaba ɗaya, shi kuma bai ce ta yi sauri ba.